Littafin Jarina: Wata Huɗu Ina Tattara Abin da Na Watsar

5 ga Janairu

Yau na baje komai a kan tebur: takardun dillali, saƙonnin banki, rasit ɗin zinariya, da yarjejeniyar wani asusun haɗaka (inda ake tara kuɗin mutane da yawa, ƙwararru su juya su a hannun jari) da na sa wa hannu a Afrilun bara ban karanta ta har ƙarshe ba. Shekara 7 ke nan ina zuba jari, amma in aka tambaye ni nawa na mallaka kuma ina yake, sai na yi ta kame-kame. Na ɗibar wa kaina wata huɗu in mayar da wannan tarkace tsari guda, wanda zan iya bayyana wa iyalina a shafi ɗaya.

Ba zan rubuta adadin kuɗi a nan ba. Na ɗauki jimillar abin da na tara a matsayin 100, duk lissafin da zai biyo baya da wannan ma'aunin zan yi shi. Ga abin da na tarar: 38 na cikin hannun jarin kamfani ɗaya tak, wanda na yi ta saye kaɗan-kaɗan saboda ya taɓa yi mini rana. 21 na warwatse a wasu kamfanoni shida. 17 na asusun haɗakan nan, 15 tsabar kuɗi a banki, 9 zinariya. Gidana na cin 3 a wata, abin da nake iya warewa daga albashi kuma 1.5 ne.

Wancan 38 shi ya hana ni barci. Ban taɓa zama na yanke shawarar in ɗora fiye da sulusin dukiyata a kan kamfani ɗaya ba. Taruwa ya yi ina kallo.

9 ga Janairu

Na karanta yarjejeniyar asusun haɗaka, shafi 14 cur. Suna cire kashi 2 cikin 100 na uwar kuɗin duk shekara, ko an ci riba ko an faɗi. Da ina ganin kashi 2 ba wani abu ba ne, sai da na ɗauki na'urar lissafi. In a ce jari na haɓaka da kashi 7 a shekara (misali kawai na ɗauka, ba alkawarin kowa ba ne), cikin shekara 30 zai ninka sau 7.6. In ana cire kashi 2 duk shekara, sau 4.3 kacal zai ninka. In kuwa asusu ne mai arha da ke cire kashi 0.3, zai ninka sau 7. Ashe abin da nake biya ya kusa cinye kashi 40 na abin da ya kamata in tarar ranar da zan ajiye aiki.

Akwai kuma tarar kashi 2 ga wanda ya fita kafin shekara ta cika. Jiran wata uku zai ci mini kusan rabin kashi ɗaya, fita yanzu zai ci kashi 2. Zan jira Afrilu.

14 ga Janairu

Kwana biyar ina karatu kan asusun da ke bin ma'aunin kasuwa, wato wanda ba ya zaɓen kamfani, sai ya sayi kaɗan daga kowane kamfani da ke cikin ma'aunin. John Bogle ne ya buɗe irinsa na farko ga talakawan masu zuba jari a 1976, a kamfanin Vanguard na Amurka. Dala miliyan 150 aka sa ran tarawa, miliyan 11 aka samu, mutane suka yi ta yi masa dariya. Abin da ya fi ratsa ni shi ne gasar da shahararren mai zuba jarin Amurka Warren Buffett ya shiga daga 2008 zuwa 2017: ya ce asusu mai bin ma'aunin S&P 500, na manyan kamfanonin Amurka ɗari biyar, zai doke ƙwararrun da ake biya maƙudan kuɗi su zaɓi jari. Shekara goma ta cika, asusunsa ya ƙaru da kusan kashi 126, na ƙwararrun a tsakaice kusan kashi 36.

Amma ban yarda in zuba komai a kasuwar ƙasa ɗaya ba, kowace ce. Ma'aunin Nikkei na Japan ya kai ƙololuwa a Disambar 1989, bai sake taka wurin ba sai Fabrairun 2024. Wanda ya shiga a ƙololuwar yana ɗan shekara 35 sai da ya kusa 70 kafin farashi ya dawo inda ya same shi. Don haka asusun da zan nema shi ne wanda ya ratsa ƙasashe da yawa.

19 ga Janairu

Na rubuta tsarin, shafi ɗaya, na sa hannu, na ba maiɗakina ta karanta ta ajiye kwafi.

Kuɗin ko-ta-kwana na wata shida, wato 18, za su zauna a asusu daban, ba a lissafa su cikin jari, ba a taɓa su sai don rashin lafiya ko rasa aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sauran za a raba su: kashi 60 hannun jari, kashi 30 sukuk (takardun jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa), kashi 10 zinariya. Kada kamfani ɗaya ya wuce kashi 10 na jarin. Zan daidaita rabon sau ɗaya a shekara, ko kuma in wani ɓangare ya kauce da fiye da maki 5. Doka ta ƙarshe, wadda na fi alfahari da ita: duk cinikin da ba ya cikin tsari, sai na rubuta dalilinsa a wannan littafi na jira kwana uku.

Hujjar rarrabawar ba tawa ba ce. Tun 1952 Harry Markowitz ya nuna cewa haɗarin jari ba a auna shi ɗaya-ɗaya, ana duba yadda kadarorin ke motsi da juna. In ka haɗa waɗanda ba sa faɗuwa lokaci guda, girgizar jimillar tana raguwa ba tare da ribar ta ragu daidai da haka ba. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1990.

Babban kamfanin zan sayar da shi kashi uku: 11 a wannan wata, 10 a ƙarshen Fabrairu, 10 a ƙarshen Maris.

27 ga Janairu

Na sayar da kashin farko. La'adar dillali ta ci kusan 0.1. Na cika kuɗin ko-ta-kwana zuwa 18, ragowar 7.9 na sayi asusun ma'auni da su. Yatsana ya daɗe a kan maɓallin kafin in danna. Kamfanin nan shi ne cinikin farko da na taɓa cin riba a kansa, kuma zuciya ba ta son rabuwa da abin da ya taɓa faranta mata.

31 ga Janairu

Albashi ya shigo. Na ba banki umarnin cire 1.5 duk ƙarshen wata kai tsaye zuwa asusun sukuk.

4 ga Fabrairu

Na zauna kan ƙananan kamfanoni shida. Ga kowanne na tambayi kaina: da a ce tsabar kuɗi ke hannuna yau, zan saye shi? Uku ban ma iya tuna dalilin sayensu ba, wani ne ya yaba su na bi. Na huɗu na auna shi da ƙa'idar hukumar AAOIFI mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, mai mazauni a Bahrain, wadda ta ce bashin ruwa na kamfani kada ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, kuɗin shiga daga haramtacciyar hanya kuma kada ya wuce kashi 5. Bashinsa ya zarce iyakar. Na sayar da huɗun, 13 ke nan, na mayar sukuk. Biyu na bari, kowanne 4, don na san abin da suke sayarwa kuma ina iya karanta rahotonsu in gane.

Abin lura: dillalina na da mafi ƙarancin la'ada a kowane ciniki, komai ƙanƙantarsa. Wanda ke saye kaɗan-kaɗan a wurare da yawa, kamar yadda na yi shekaru, shi ya fi kowa biya. Na kuma adana takardar kowane ciniki da farashin saye da na sayarwa, saboda lissafin haraji.

10 ga Fabrairu

Babu ciniki. Wani abokin aiki ya kawo mini wata harka da ake ba da kashi 15 duk wata. Na lissafa masa a gabansa: kashi 15 a wata na nufin kuɗi su ninka fiye da sau biyar a shekara. Na tambaye shi wace sana'a ce ke haifar da haka, bai sani ba. Charles Ponzi a 1920 kashi 50 ya yi wa mutanen Boston alkawari cikin kwana 45, da kuɗin sababbin shiga yake biyan na farko. Na roƙe shi ya cire nasa tun da wuri. Ina fatan ya ji.

17 ga Fabrairu

Wannan shafi da ƙyar nake rubuta shi, kuma bayan aikin gama ya gama nake rubutawa, ba kafin ba kamar yadda dokata ta ce.

Babban kamfanin ya fitar da rahotonsa na ƙarshen shekara, ribarsa ta yi ƙasa ƙwarai, ya kuma rage abin da zai raba wa masu hannun jari. Cikin kwana biyu farashin ya zube da kashi 22. Abin da ke 27 ya koma 21. Daren jiya ina kwance, kowa ya yi barci, na buɗe manhajar dillali fiye da sau goma. Jan lambar nan tana nan ba ta motsa ba, kasuwa ma a rufe take, amma na kasa ajiye wayar. Zuciyata ta yi ta kawo mini hujja: kamfanin bai mutu ba, yanzu ya yi arha, in na ƙara saye matsakaicin farashina zai sauko, da ya ɗan farfaɗo na fita ba asara. Kowace hujja a daren ta yi mini kama da hankali.

Da safe ana buɗe kasuwa na ɗauki 8 daga kuɗin ko-ta-kwana na ƙara saye. Ban rubuta dalili ba, ban jira kwana uku ba, ban gaya wa maiɗakina ba. Doka uku na karya a ciniki ɗaya: na taɓa abin da ba a taɓawa, na ƙara wa kamfanin da nake ƙoƙarin ragewa, na tsallake jira. Yanzu kamfanin 29 ne, ko-ta-kwana 10.

24 ga Fabrairu

Yau ce ranar sayar da kashi na biyu. Ban sayar ba. Farashin ya sake sauka da kashi 15, 29 ta koma 24.6.

Na koma na karanta abin da Daniel Kahneman da Amos Tversky suka gano tun 1979: ɗan Adam yana jin zafin asara fiye da yadda yake jin daɗin riba mai girma ɗaya, daga baya suka ƙiyasta kusan ninki biyu. Kuma idan mutum yana cikin asara ya fi yarda ya ƙara shiga haɗari don kada ya tabbatar da ita. Na san wannan tun kafin 17 ga wata, sanin bai hana ni ba. Kasuwa ba ta san farashin da na saya ba, ba kuma za ta dawo wurin don ni ba. Lissafin ma ba ya goyon bayana: abin da ya faɗi da kashi 50 sai ya tashi da kashi 100 kafin ya dawo. Ma'aunin S&P 500 da ya zube da kusan kashi 57 tsakanin Oktobar 2007 da Maris 2009 ya buƙaci tashin fiye da kashi 130, ya kuma samu, domin kamfanoni ɗari biyar ne a ciki. Kamfani ɗaya ba shi da wannan tabbacin. Hannun jarin Enron, kamfanin makamashi na Amurka, ya kai dala 90 a 2000, kafin ƙarshen 2001 bai kai dala ɗaya ba, kuma ma'aikatansa da yawa a cikinsa suka zuba kuɗin fanshonsu.

28 ga Fabrairu

1.5 ta wuce sukuk da kanta. Aƙalla wannan ɓangaren ba ya buƙatar hannuna.

6 ga Maris

Ranar 4 ga wata 'yata ta biyu ta tashi da ciwon ciki mai tsanani. Likita ya ce tiyata, kuma a ranar. Kuɗin da aka nema 13. Da ban taɓa asusun ba, da 18 ke ciki, in biya in koma kusa da yarinyata. 10 na tarar.

Ina zaune a kan kujerar roba a barandar asibiti, cajin wayata ya kusa ƙarewa, na sa umarnin sayar da 11 na kamfanin a kan duk farashin da aka samu. Cinikin ya faɗa nan take, amma manhaja ta rubuta cewa ana jiran kammalawa. Kuɗin hannun jari ba sa shigowa ranar da ka sayar, sai bayan kwana ɗaya ko biyu na aiki, gwargwadon kasuwa, sannan dillali ya tura banki. Na san wannan ma. Maiɗakina ta fito daga ɗakin ta tsaya a kaina ta ce, "Abban yara, kuɗin nan da muka ware fa?" Na gaya mata gaskiya a tsaye a wurin. Ba ta ce komai ba, ta koma ciki. Shirun nan ya fi mini asarar ciwo.

Na kira yayana. "Yaya, rance nake nema na kwana uku." Ban gama bayani ba ya katse ni: "Ƙanena, turo lambar asusun. Maganar kasuwa ma yi ta in yarinya ta tashi." Minti goma kuɗin suka shigo.

An yi aikin lafiya, alhamdulillahi. Tana shan ruwa, tana magana.

9 ga Maris

Kuɗin ciniki sun shigo. Na mayar wa Yaya 3 ɗinsa, 7.9 suka koma ko-ta-kwana. Saura 13.6 a kamfanin.

Na lissafa abin da ƙarin sayen 17 ga Fabrairu ya ci shi kaɗai: 1.2 na faɗuwar farashi, da la'adar shiga da fita, kusan 1.4 ke nan, ajiyar wata guda cur. Jinkirin sayar da kashi na biyu bai ƙara mini asara mai yawa ba, don farashin bai motsa sosai tsakanin ranakun ba, amma wannan sa'a ce, ba dabara ba.

15 ga Maris

Yaya ya zo duba yarinya, muka zauna bayan ta yi barci. Na nuna masa littafin nan duka, har shafin 17 ga Fabrairu. Ya karanta a hankali ya ce, "Tsarinka ba shi da laifi. Laifinsa ɗaya, kai kaɗai ke gadinsa, kuma kai ne wanda ake tsaron kuɗin daga gare shi."

Mun gyara abu uku. Kuɗin ko-ta-kwana sun koma asusun da sai da amincewar mu biyu, ni da maiɗakina, za a cire. Na goge manhajar dillali daga wayata, in zan yi ciniki sai na zauna gaban kwamfuta da rana. Dokar kwana uku kuma yanzu ba a littafi kaɗai zan rubuta dalili ba, sai na karanta wa maiɗakina shi da bakina. Ta amince, da sharaɗin kowane wata uku mu zauna mu duba lissafin tare.

Akwai binciken da Brad Barber da Terrance Odean suka wallafa a 2000, kan gidaje sama da 66,000 a Amurka daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa sun samu kashi 11.4 a shekara, kasuwar kuwa ta ba da 17.9. Da na fara karanta shi a Janairu, wasu mutane nake hangowa. Yanzu na ga inda nake a cikinsu.

24 ga Maris

Na sayar da 9 maimakon 10, a lokacin da aka tsara. Saura 4.6. Abin da aka samu ya tafi ko-ta-kwana, ya kai kusan 17.

31 ga Maris

Wannan watan na karkatar da 1.5 zuwa ko-ta-kwana. Ya cika 18.

7 ga Afrilu

Kamfanin ya farfaɗo da kusan kashi 10 a mako biyun nan. Na ji abin a ƙirjina, ba zan ɓoye ba. Na zauna na lissafa: da na riƙe 9 ɗin da na sayar, da na samu ƙarin 0.9. Sai na tambayi kaina ko a ranar 24 ga Maris ina da wata hanyar sanin haka. Ba ni da ita. Da ya ƙara faɗuwa da kashi 10, da yau ina yaba wa kaina a kan shawara ɗaya tak da wadda nake cizon yatsa a kanta. Ban sayi komai ba. Na gaya wa maiɗakina yadda na ji, ta ce in rubuta, ga shi na rubuta.

16 ga Afrilu

Shekarar asusun haɗaka ta cika. Na cike takardar fita, babu tara. An ce kwana biyar na aiki.

23 ga Afrilu

Kuɗin sun shigo, 17, na zuba su a asusun ma'auni gaba ɗaya. Na yi tunanin rarraba su wata uku, amma daga hannun jari suka fito, hannun jari za su koma, haɗarin bai canza ba.

30 ga Afrilu

Lissafin ƙarshen wata huɗu, kafin kuɗin yau su shiga. Ko-ta-kwana 18. Asusun ma'auni 25, babban kamfanin 5, ƙanana biyu 8, sukuk 16, zinariya 9. Jimilla 81. Na fara da 100, na ƙara 4.5, tiyata ta ɗauki 13, faɗuwar kamfanin ta ci kusan 10, la'ada kusan 0.6. Sauran kadarorin ba su motsa sosai ba.

Cikin 63 da ke matsayin jari, hannun jari kashi 60 ne, sukuk 25, zinariya 14 da ɗoriya. Sukuk ya gaza da kusan maki 5, zinariya ta haura da 4. Duka suna cikin iyaka, don haka ba zan sayar da zinariya in biya la'ada ba. Kuɗin kowane wata za su ci gaba da tafiya sukuk, wata uku zuwa huɗu giɓin zai rufe. Kuɗin da asusu ke cira a shekara ya sauko daga kashi 2 zuwa 0.3, babban kamfanin kuma daga 38 cikin 100 ya koma kashi 8 na jarin.

Abin da ya rage na zango na gaba: in nemi inshorar lafiya ta iyali, ko ta takaful, wato inshorar Musulunci, in kwatanta abin da suke ɗauka da abin da ba sa ɗauka, don kada tiyata ɗaya ta sake cinye kuɗin ko-ta-kwana na wata huɗu da ɗoriya. In rubuta takarda mai ɗauke da sunan kowane asusu da yadda ake isa gare shi, in ba maiɗakina, in sa sunan magada a inda aka tanadi gurbin hakan. In fitar da lissafin zakka da na tsarkake ribar kamfanoni biyun nan daga rahotonsu na bana. Zamanmu na farko na wata uku ya kama 15 ga Yuni. Kafin ranar ba ni da wani ciniki a jadawali.